Karewa ko Ƙarewa

A wani daji, can inda iyakokin dazuzzuka da yawa suka haɗu, akwai wata tsohuwar kuka wadda ko giwa ta tsaya a bayanta ba a ganinta. A gindin kukar nan Majalisar Karewa take zama. Majalisa ce ta duniya baki ɗaya. Wakilai na zuwa daga dajin duwatsu, daga dajin fadama, har daga hayin teku inda aka ce ruwa kan daskare ya zama dutse. Aikinta guda ne: duk dabbar da danginta suka yi ƙaranci, a nemo ta a kare ta. Wa zai ji wannan ya ce ba alheri ba ne?

Shugabar majalisar ita ce Shamuwa, wadda ake kira Magajiya. Ba a banza ta kai wannan matsayi ba, aiki ta yi, kuma duk wanda ya ɗan zauna kusa da ita sai ya ji tarihin daga bakinta. Ta fara ne tun tana ƙaramar tsuntsuwa, a wani ɗan tafki, inda aka ba ta kula da wasu kwaɗi masu jan ciki da ba a samun irinsu ko'ina. Nan ta fito da dabarar da ta yi mata suna. Ta tara duk masu zuwa tafkin, su Zalɓe da Balbela da Maciji, ta nuna musu kwaɗin ɗaya bayan ɗaya, ta nuna musu inda suke kwana, ta ce su gane su da kyau kada wani ya taɓa su bisa kuskure. Kuma don kada gobe wani ya ce bai gane ba, ta kwaɓa farar ƙasa ta shafa wa kowane kwaɗo a baya. Kafin damina ta fita, tafkin ya yi tsit. Manya suka zo duba aiki, suka kasa kunne, suka ce tunda suke ba su taɓa ganin tafki mai kwanciyar hankali irin wannan ba. Aka ƙara mata girma.

Daga tafki aka ba ta fadama, daga fadama aka ba ta daji guda, daga nan sai ga ta tana ƙetare teku tana koyar da dabarar nan, wadda aka sa wa suna Nuni. Ta yi wa Jiminar dajin yashi Nuni. Ta yi wa Gwanki mai farin goshi. Ta yi wa wata barewa mai karkatattun ƙahoni da aka ce ita kaɗai ta rage. Duk Nunin da ta yi, sai majalisa ta rataya mata ɗan dutsen ado a wuya, har duwatsun suka yi nauyi suka sunkuyar da kanta, baƙi na ganinta suna yaba tawali'unta.

Ni fa ban ce muguwa ba ce. Ba ta taɓa sa ko ɗaya daga cikinsu a baki ba, fara take ci da tsutsa. Abin dai da ke akwai, ita tsuntsuwar damina ce. Da ruwa ya ɗauke sai ta tashi zuwa wani taron a wata ƙasar, ba ta taɓa zama ta ga abin da rani ke yi da aikinta ba.

Sai kuma maganar harshenta. Yawan zama a ƙasashen waje ya sa maƙogwaronta ya daina kama wasu kalmomi yadda muke kama su. Ƙafa ta koma kafa, ƙaya ta koma kaya, ƙasa ta koma kasa. In ta tashi buɗe taro ta dubi Kura da Kada da Mesa ta ce, "Manyan baki, barkanku da zuwa," babu mai iya cewa ta yi kuskure. Ƙananan ma'aikatan majalisa ma, waɗanda ko bayan kukar ba su taɓa zuwa ba, suka riƙa kwaikwayonta don a ce sun waye. Wannan duk abin dariya ne. Inda dariya ta tsaya shi ne kalma guda: a bakin Magajiya, karewa da ƙarewa ba su da bambanci.

Saboda haka dajin nan ya zama ana tsoron alheri fiye da yadda ake tsoron gobara. Uwa in ɗanta ya dame ta sai ta ce, "Ka shiga taitayinka ko in kira Magajiya ta kare ka," yaro ya yi gum. Masu ƙarancin dangi suka koyi ƙarya. Ka tambayi Tunku ina 'yan'uwansa, sai ya ce ai suna nan birjik, sun je biki ne.

Wata damina Magajiya ta kira babban zama. Ta hau reshenta da ƙyar saboda nauyin wuya, ta ce:

"Manyan baki, wakilan dazuzzuka, ina gaishe ku. Kun sani wannan ce daminata ta karshe a kan reshen nan. Fuka-fukaina sun gaji, idona ya fara hazo. Na fara da kwaɗi, na kai ga barewa, kuma ban taɓa barin aiki rabi ba, duk wanda na sa gaba sai na ga an kare shi. Burina ɗaya ya rage. Kafin ruwa ya ɗauke ina so in yi Babban Nuni, wanda ake yi wa na karshen danginsa, in sauka da shi. Ku nemo mini wanda ya cancanta."

Kura, wadda ita ce shugabar masu gadi, ta share maƙogwaro ta ce:

"Ranki ya daɗe, matsalar ita ce kin yi aiki har aikin ya rasa abin yi. Mun duba gabas, mun duba yamma. Duk wanda ya yi ƙaranci kin riga kin gama da batunsa. Waɗanda suka rage kuwa kowa ka tambaya sai ya ce danginsa sun fi ciyawa yawa. Wallahi mu kanmu abin na damunmu. Dubi yadda muka rame saboda tunani."

Damisa ta gyaɗa kai. Mesa ta ce ita rabonta da barci mai nauyi tun Nunin barewa.

A can baya, inda saiwar kuka ta nutse cikin ƙasa, akwai Bushiya, wakiliyar ƙananan dabbobi. Shekara da shekaru tana zuwa zaman nan, ba a taɓa tambayarta ko sunanta ba, kuma abin na ci mata rai. Da ta ga manya duka sun rasa ta cewa, sai wani abu ya taso mata, bakinta ya riga hankalinta.

"Ai akwai maƙwabciyata 'Yarkunya," in ji ta. "Tun da mijinta ya fita kiwo da rani bai dawo ba, ita kaɗai ce."

Duk kawunan da ke gindin kukar suka juyo gare ta a tare. Abin da ta daɗe tana so ke nan, amma da ta ga idanun, da miyau a gefen bakin Kura, sai ta yi da-na-sani. Ta so ta ce wasa take yi. Ina! Magajiya har ta fara sa mata albarka.

'Yarkunya dai wata halitta ce mai sulken ɓawo tun daga kai har wutsiya. Ba ta da haƙori ko ɗaya, dogon harshe gare ta da take lasar gara da tururuwa, kuma duk makaminta a duniya shi ne ta dunƙule kamar tulu idan ta ji motsi. Raminta na gindin wani suri, bayan wani surƙuƙin ƙarangiya da babu mai son ratsawa.

Bushiya ta isa da hantsi tana haki. Ta tsaya a bakin rami ta kasa sallama.

"Lafiya, Bushiya?" in ji 'Yarkunya daga ciki.

"Yaya, na yi ɓarna. Ki yi mini duk abin da kika ga dama. An zaɓe ki."

"An zaɓe ni a yi me?"

"A kare ki."

Ba a ji komai daga ramin ba sai ƙarar ɓawo na haɗuwa da ɓawo. 'Yarkunya ta dunƙule. Ta daɗe a haka kafin ta warware, ta leƙo, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Shigo ki ga abin da kika sayar."

Bushiya ta shiga. A ƙuryar ramin, a kan busasshen ganye, ga wani ɗan mitsitsin abu kwance, ɓawonsa ko tauri bai gama yi ba. Ya ɗago kai ya zaro ɗan harshe ya mayar.

"Wayyo ni!" in ji Bushiya. "Yaya, yaushe? Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Saboda bakinki," in ji 'Yarkunya.

Bushiya ta fashe da kuka. Ta ce su gudu. 'Yarkunya ta ce da wace ƙafar? Ita da tafiyarta kamar mai bin gawa, ga goyo a wutsiya, ga Shaho da Ungulu duk ma'aikatan majalisa ne, suna shawagi tun safe. Ai tun da aka ambaci sunanta a gindin kuka, gudu ya riga ya wuce.

Washegari da la'asar suka ji ƙarar duwatsun wuya, kacau-kacau, tana matsowa. Duk dajin ya san wannan ƙarar. 'Yarkunya ta tura ɗanta can ƙurya, ta toshe da ganye, ta fito ta tari baƙin nesa da bakin rami. Bushiya ta biyo ta. Magajiya ce, Kura na take mata baya.

"Ke ce 'Yarkunya?" in ji Magajiya, ta karkata kai tana dubanta da sha'awa ta gaskiya. "Kai, madalla da halitta! 'Yata, kwantar da hankalinki. Wahalarki ta kare. Daga yau idon duniya duka na kanki."

"Ranki ya daɗe, abin da nake tsoro ke nan. Mu tun kakanni rashin ido ne ya raya mu."

"Wannan tunanin da ne, 'yata. Abin da ba a sani ba, ta yaya za a kula da shi? Na je kasashe da yawa, na zauna da masana, duk a kan wannan aka tsaya."

"Ranki ya daɗe, ki gafarce ni, ni baƙauya ce, ban je ko'ina ba. Abin nan da za a yi mini, karewa ne ko ƙarewa?"

"Karewa."

"Wanne daga ciki, ranki ya daɗe?"

"Ai na gaya miki. Karewa."

'Yarkunya ta ce, "To ina Jimina? Ina Gwanki mai farin goshi? Ina barewar nan?"

"Duk an kare su," in ji Magajiya, ta girgiza wuya duwatsun suka yi ƙara. "Ga shaida nan ina ɗauke da ita."

Kura ta juya kai gefe kamar tana kallon gajimare.

Magajiya ta gyara tsayuwa ta ce, "Saura tambaya ɗaya, ta ka'ida ce. Babban Nuni na na karshe ne. Kin tabbata ke kaɗai ce? Domin in akwai karami, shi ake shafa wa, shi ne gobe. Uwa kuwa sai a sallame ta, ta tafi abinta, babu mai sake bi ta kanta."

Kun ji fa. Ƙofa ce aka buɗe mata, kalma ɗaya za ta faɗa ta fita da ranta. Kuma ba zan ɓoye muku ba, tsoro ya sa ta ji kalmar ta taso har maƙogwaro, domin rai ba abin wasa ba ne. Ana cikin haka sai Kura ta ɗaga hanci sama, ta shaƙi iska, ta sake shaƙa, ta yi taku biyu wajen surƙuƙin ƙarangiya.

"Ranki ya daɗe," in ji ta, "kamar ina jin ƙanshin nono."

"Nawa ne!" Bushiya ta yi caraf. "Goyo nake yi. 'Ya'yana na nan cikin ƙarangiya, reras. Ko a fito da su a yi musu Nunin?"

Magajiya ta yi 'yar dariya. "A'a, baiwar Allah. Bushiya ba ta cikin aikinmu, kun yi yawa."

Kura ta tsaya tana kallon ƙarangiyar, ta tuna yadda take manne wa tafin ƙafa, ta dawo a hankali.

"Ni kaɗai ce, ranki ya daɗe," in ji 'Yarkunya. "Babu wani."

Aka sa rana, ƙarshen damina.

Abin da ya rage na daminar nan 'Yarkunya ba ta yi shi da barci ba. Ta yaye ɗanta tun lokaci bai yi ba. Yana kuka yana neman nono, tana ture shi tana kai bakinsa ramin gara, zuciyarta na ƙuna. Ta koya masa lasa, ta koya masa tono. Kullum da sassafe ita da Bushiya sukan kwaɓa laka su shafe masa ɓawo, su mirgina shi cikin ƙarangiya har ya fito tsitsitsi da ƙaya, sannan su tura shi cikin 'ya'yan Bushiya. Daga nesa ba ka bambanta shi da su. Wutsiyar ce kawai matsala, doguwa ce, sai da aka koya masa naɗe ta ƙarƙashin ciki.

"Inna, ƙaiƙayi," yakan ce.

"Daure. In ka ji fuka-fuki a sama, dunƙule. In ka ji taku, dunƙule. In kuwa ka ji wani ya ce yana so ya taimake ka, dunƙule sosai, kada ka warware sai ka ji muryar Bushiya."

Ta kuma je can hayin rafi, nesa ƙwarai, ta sami wani tsohon ramin dabgi, ta riƙa kwanciya a ciki tana birgima don ƙanshinta ya kama shi.

Ranar Babban Nuni gindin kuka ya cika maƙil. Wakilan hayin teku sun zo, an yi musu rumfa. Aka shigo da 'Yarkunya tsakiyar fili da rana tsaka, ita da ko hasken safiya ba ta so. Ta dunƙule don tsoro, aka ce ta warware domin baƙi su ga fuska. Ta warware. Duk inda ta juya haƙora ne ke mata murmushi.

Magajiya ta hau reshe ta yi jawabinta na sauka:

"Manyan baki, yau zuciyata fari kal. Ku dubi wannan halitta. Shekaru tana ɓoye cikin duhu, babu wanda ya san da ita, babu mai tausaya mata. Yau mun fito da ita. Ku kalle ta da kyau. Ku san tafiyarta, ku san inda sulkenta yake da laushi don kada ku taka wurin bisa kuskure. Ku san lokacin da take zuwa shan ruwa don ku ba ta hanya. Ni na yi nawa. Na shiga aikin nan ba ni da komai sai niyya, ina fita ba ni da komai sai wannan nauyi a wuya. In an tambaye ku me Shamuwa ta yi a duniya, ku ce ta zo ta tarar da masu rauni a warwatse, ba ta huta ba sai da ta ga an kare su duka. Wanda zai gaje ni, ga amana nan. Kada ya bari ko ɗaya ya ɓuya."

Aka yi guɗa. Wasu wakilai har da hawaye. Aka kawo ƙoƙon farar ƙasa, Magajiya ta sauko da kanta ta shafa wa 'Yarkunya tun daga wuya har ƙarshen wutsiya. Ƙasar da sanyi, ta ji sanyin har cikin ƙashi. Sannan aka ce ta kai majalisa gidanta, ta ja su har hayin rafi ta nuna ramin dabgi. Kura ta sa hanci, ta ji ƙanshin, ta gamsu. Nan take aka naɗa Kura mai gadin 'Yarkunya na musamman, dare da rana. Aka rataya wa Magajiya dutse mafi girma, aka naɗa Zalɓe, tsohon ɗalibinta tun zamanin tafki, ya gaje ta. Kafin yamma ta bi ayarin 'yan'uwanta shamuwoyi ta yi kudu.

Da taro ya watse, 'Yarkunya ba ta ko waiwayi wajen surinta ba. Ta sa gaba yamma, tana tafiyar nan tata a hankali, fara sol a cikin ciyawar da ta fara bushewa, ana hango ta kamar zane a kan shanya. Kura na biye da ita cikin ladabi, ba ta matsa ba, ba ta ja baya ba. In 'Yarkunya ta dunƙule, Kura ta kwanta ta jira. Mai dunƙulewa kuwa dole wata rana ƙishirwa ta warware shi, kuma an riga an sanar da kowa lokacin shan ruwanta. Duk da haka ta ja tafiyar nan iyakar ƙarfinta, kowane taku na ƙara nisa tsakanin hancin Kura da surƙuƙin ƙarangiya. Waɗanda suka gan su na ƙarshe sun ce har sun wuce dajin duwatsu.

Da rani ya tsaya Kura ta dawo ita kaɗai, da karyayyen haƙori guda. Ta shaida wa majalisa cewa aiki ya kammala.

Bushiya ta riƙe amana. Bakin nan nata da ba ya rufuwa ya rufu, har aka fara cewa ko ciwo take. Ta daina zuwa majalisa. Kullum cikin fargaba take, domin yaron girma yake yi, ya fi 'ya'yanta tsawo, laka ba ta isarsa, ƙarangiyar unguwar har ta fara ƙaranci. Inuwar tsuntsu in ta gilma, sai ta tura shi cikin ƙarangiya.

Da damina ta zagayo, Shamuwa ta dawo. Ta sauka daga mulki, amma an ba ta matsayin mai ba da shawara, domin irinsu ba a barinsu su zauna haka nan. Ta tarar da sabon shugaba Zalɓe cikin damuwa, yana neman wanda zai yi wa Nuninsa na farko, ya baza ma'aikata ko'ina. Ta tambayi Kura labarin 'Yarkunya.

"Ta ƙare, ranki ya daɗe," in ji Kura.

"Madalla," in ji Shamuwa. Amma ba ta girgiza duwatsun ba.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Bushiya ta fito da 'ya'yanta kiwo gindin suri. Ba ta ankara ba sai ta ji kacau-kacau a bayanta. Shamuwa ce ke tsintar fara cikin ciyawa, can baya kuma ga Kura da wasu ma'aikata suna bincike gindin itatuwa. Yara suka dunƙule. Shi ma ya dunƙule, sai dai ruwan daren ya wanke masa laka daga baya, ga ƙarshen wutsiya a fili, ɓawo a jere yana sheƙi.

Shamuwa ta tsaya. Ta sunkuyar da wuyan nan mai nauyi har bakinta ya kusa taɓa shi. Ta daɗe tana kallo. Bushiya ta ga shi ke nan, tafiyar da uwarsa ta yi har bayan dajin duwatsu ta tashi a banza.

"Ranki ya daɗe!" Kura ta ƙwala kira daga nesa. "Kin ga wani abu ne a nan?"

Shamuwa ta ɗago kai. Ta dubi Kura, ta dubi yamma inda dajin duwatsu yake, sannan ta gyara tsayuwa yadda fiffikenta ya sauka ya rufe wurin.

"Bushiya ce da 'ya'yanta," in ji ta da ƙarfi. "Ba sa cikin aikinmu. Ku duba gaba."

Kura ta wuce. Sai da takunta ya ɓace sannan Shamuwa ta naɗe fiffike. Ba ta dubi Bushiya ba. Ta yi kamar tana neman fara a ƙasa, ta ce a hankali:

"Ki ƙara masa ƙarangiya a wutsiya. Ruwa ya wanke ƙasar."

Ta juya ta tafi, duwatsun na ƙara a wuyanta.

Yaron ya girma, ya yi ƙaura zuwa inda ban sani ba, kuma ko na sani ba zan faɗa ba. Masu yi wa Magajiya kirari har yau sukan jero nasarorinta tun daga kwaɗi har 'Yarkunya, ba su san da wannan safiyar ba. Bushiya ma ba ta taɓa ba kowa labarin ba sai da ta tsufa tukuf. Ko a lokacin, abin da kawai takan ce shi ne, tunda take a duniya ba ta taɓa jin wanda ya furta "ƙarangiya" tsaf irin na ranar nan ba.